Sunan Baba Sigina Yana Ɗaure a Gonar Dawa

Baba Sigina ya rasu.

Da safen nan ina tsaye gaban allo da alli a hannu, wayata ta hau ƙara cikin jaka. Mama Saratu ce, matarsa, daga Zuru. Ko gaisawa ba mu yi ba. "Rifkatu, babanki ya tafi." Iyakar abin da ta iya faɗi ke nan. Na bar 'yan aji uku da rabin jimla a kan allo na fice.

Yanzu biyar ta gota, ina zaune a kafen intanet a nan Birnin Kebbi, janareto na ta ihu a bayana, kuma har yanzu ko ɗigon hawaye ban yi ba. Haushi ne kawai ya cika ni. To ku yi haƙuri da ni, yau ba rubutun ladabi na zo yi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, sunansa Bulus. Tsohon soja ne, a sashen sadarwa ya yi aiki, shi ya sa Sigina ya bi shi har tsufa. Yana da rumfar gyaran rediyo a bayan 'yan tumatir a kasuwar Zuru. Ba mu haɗa jini ba, amma shekara tara ina ce masa Baba yana amsawa.

Ku kuma 'yan Zuru, da wani suna kuka san shi. Baba Landan.

Kada wanda ya yi kamar ya manta. Ya gaya mana cewa bayan yaƙin basasa an tura shi kwas Ingila, daga baya ya ajiye kaki ya zauna can shekara goma sha ɗaya cikin mutanen Jamaika, yana haɗa musu kiɗa a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Me muka yi? Dariya. A gidan burkutu har tsokano shi ake yi, "Baba, ba mu labarin Landan mana," ana zungurar juna da gwiwar hannu. In ya fara sai wani ya ce, "To in haka ne, me ya dawo da kai gyaran rediyon matan ƙauye?" Ya yi murmushi ya ci gaba da kurɓar abinsa.

Wasunku da suka yi wannan dariyar tun rana na ga sun fara rubuta "babban rashi". Haba! Ku ji kunya mana.

Ni ta dalilin waƙa na san shi. Lokacin ina ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu na Zuru, muka ƙudura sai mun yi kaset, amma ba mu da halin kwasar mata talatin zuwa Jos inda ake ɗaukar waƙa. Wata ta ce a gwada tsohon nan na kasuwa. Ya turo kayansa a baro har cikin coci: manyan rikodoji biyu masu cin faifan tef mai faɗin faranti, da wayoyi cike da buhu.

Kwana uku muka yi. Ya sa muka cire awarwaro. Ya kori zakaran fasto daga harabar coci har sau huɗu.

Akwai Mama Kande, mai buga mana tulu. Kullum can baya take zama, kusa da taga, ba mai ko waiwayarta. Baba ya saurare mu sau ɗaya, ya ɗauki makirufo mafi kyau, wanda ni na riga na sa wa ido, ya wuce ni ya je ya durƙusa ya kafa shi a bakin tulun Mama Kande. Na ce, "Baba, ni ce fa mai ba da waƙa." Ya ce, "Na sani, Malama. Amma wannan baiwar Allah ce ke ɗauke da ku duka. Ku a kanta kuke tsaye."

Ranar na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Waƙoƙinmu shida ne, suka cika gefe ɗaya na kaset. Ɗaya gefen ya ce a bar masa. Da ya kawo muka kunna, sai ga waƙoƙin namu dai, amma babu mu. Tulu ne da ganga suke tafe, kacau-kacau ya shigo ya fita, can sai muryata ta faɗo da kalma ɗaya tak, ta yi ta maimaita kanta tana nisa har ta ɓace. Mata suka ɗauki salati irin namu. Wata ta ce, "Ina muryoyinmu? Baba ya cinye mu!" Matar fasto ta ce wannan kam ya yi kama da abin da ke amsa mutum daga kan dutse, a goge shi.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Sunan abin dub. Ba ni na ƙirƙiro shi ba, mutanen Jamaika ne, a hannunsu na gani. Ana cire mai waƙa ne na ɗan lokaci, don a ji waɗanda ke goye da shi."

Ba a goge ba, don ba wanda ya san yadda ake gogewa sai shi. Kafin wata biyu, 'yan acaɓa da masu aski a Zuru gefen Baba suke kunnawa. Namu gefen sai ranar Lahadi.

Na tambaye shi yadda ya yi, ya nuna mini. Zaren tef ɗaya yake ratsawa ta rikodoji biyu, na farko ya ɗauka, na biyu ya maimaita. Tazarar da ke tsakaninsu da tafin hannunsa yake aunawa. In ya matsar da su nesa, amsa-kuwwar ta daɗe kafin ta dawo. Ya ce a Landan ma haka ya haɗa musu, da tsofaffin rikodoji biyu da aka jefar, don lokacin mai ɗakin ba shi da injin amsa-kuwwa. Abin da yake nema kullum, in ji shi, shi ne yadda kira ke dawowa in ka tsaya a gonarsu ta Dabai ka ƙwala wa wani daga gindin dutse.

Na ji, na ce sannu Baba. Amma maganar Landan ɗin, a raina ni ma rabi na yarda rabi ban yarda ba.

Sai bara, da dogon hutu. Wani abokin aikina mai son kiɗan rege na Jamaika ya ara mini faifan sidi. Tsofaffin kaɗe-kaɗe ne da aka yi a Landan shekaru talatin da suka wuce, wani kamfani ya sake fitarwa. Ina kunnawa na ji sak gefen Baba na kaset ɗinmu. Na jefa shi a jaka na hau motar Zuru.

Na same shi a ƙofar gida kan benci, ƙarƙashin darbejiya, ƙafarsa ta kumbura ya ɗora ta kan kujera 'yar tsugunne. Ban gaya masa ko mene ne ba, na kunna kawai. Ya rufe ido. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya ɗaga yatsa.

"Yanzu ganga za ta fita."

Ta fita.

"Ƙirga huɗu, za ta dawo ita kaɗai."

Na ƙirga, ta dawo.

A kiɗa na uku ya yi tsaki ya ce, "Nan gaba kaɗan hannuna ya zame, na sako muryar da wuri. Na ce a sake, mai ɗakin ya ce a bar shi haka, ya fi daɗi." Muna zaune sai ga muryar ta faɗo ba a wurinta ba, daidai yadda ya ce.

Jama'a, mutumin da bai taɓa riƙe wannan sidi ba. Mutumin da muka mayar abin dariya.

Na buɗe 'yar takardar da ke cikin kwalin na karanta masa. Akwai sunan mai ɗakin kiɗan. Akwai mawaƙa. Akwai wanda ya ɗauki hoto, da wanda ya rubuta dogon bayanin yadda aka yi aikin, wanda na tabbata lokacin ko rarrafe bai fara ba. Har karen mai ɗakin an sa hotonsa, da sunansa a ƙasa! Shi kuwa Baba, layi ɗaya aka ba shi can ƙarshe, wai wani ɗan Afirka mai gyaran wayoyi ya taimaka.

Wani ɗan Afirka. Kare yana da suna, Baba ba shi da shi. Allah ya isa tsakaninsa da su.

Ni ina ta bambami, shi dariya yake yi har da tari. Ya ce, "Ai na faɗi sunana, 'yata. Su suka yanke."

Ashe al'adar soja ce ta bi shi. Mai sigina ba ya fara magana a waya sai ya faɗi ko shi wane ne. To shi ma duk lokacin da zai ɗauki kiɗa, sai ya matso makirufo ya ce da Hausa, "Bulus Zuru ke magana, ɗauka ta kaza," ya jero sunayen masu kiɗan, sannan ya yi alama da hannu a fara. Mutanen Jamaikan har kwaikwayonsa suke yi. In za a kai aikin wurin buga faifan garmaho, sai mai ɗakin ya sa reza ya datse wannan bakin zaren ya yar. Amma Baba yakan juyi nasa kwafin tun kafin a yanke.

Ya sa Mama Saratu ta taya ni muka jawo akwatin ƙarfe na soja daga ƙarƙashin gado. Faifan tef talatin da bakwai, kowanne cikin kwalinsa, lamba kawai a jiki da fensir. A bakin kowane zare akwai muryarsa da sunansa, gaba da kiɗan da duniya ke saye yau ba ta san shi ba.

Ya ce, "Ki kai su inda ake juya irinsu zuwa sidi. Rikodojina sun gaji, kan da ke karanta zaren ya cinye. Ba wani abu nake nema wurin Turawa ba. So nake a kunna a kasuwa sau ɗaya, ina zaune a rumfata."

Abin da ya roƙa ke nan duka.

Kun san me na ce? Na ce, "Baba, akwatin nan da nauyi, ga shi na sayi buhun dawa da doya, direba ba zai yarda ba. Da Kirsimeti zan zo da mota." Ya sa hannu ya zaɓo guda ɗaya, ya naɗe a tsohuwar jarida ya miƙo mini. "To fara da wannan."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Kirsimeti na je Zuru, kwana huɗu, biki uku na halarta, ban taka gidansa ba. Ista ma haka. Faifan yana kan durowata wata goma sha huɗu, ƙura ta rufe jaridar. Na zaɓi buhun dawa, na bar akwatin.

Yau da na ɗan dawo hayyacina na sake kiran Mama Saratu. Bayan ta'aziyya na ce, "Mama, akwatin Baba fa, a kulle shi, kada masu zaman makoki su taɓa." Sai ta ce, "Ki kira Tanko."

Tanko ɗan ƙanen Baba ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ke noma gonarsu ta Dabai. Watan jiya da aka kwantar da Baba a asibiti, Mama tana can tana jinya, tsuntsayen jan-baki suka sauka kan dawa. Duk ɗan ƙasarmu ya san dabarar: a warware zaren tsohon kaset a ja shi tsakanin sanduna, rana ta haska shi, iska ta sa shi kuka, tsuntsu ya ƙi sauka. Tanko ya shiga ɗaki neman tsofaffin kaset, ya ci karo da akwati.

Na kira shi nan take. Ya ce, "Anti, ai tsofaffi ne, babu rediyon da ke cin irinsu yanzu. Kuma sun yi aiki sosai fa, guda ɗaya sai ya zagaye gona. Har maƙwabta na ba."

Na ce nawa suka rage?

"Kwalayen dai suna nan."

Na ce, "Tanko, yaya ka ɗaura su?"

Ya ce, "Kamar yadda ake yi mana. Na kama bakin zaren na ƙulla a sanda, na yi ta tafiya yana warwarewa."

Bakin zaren. Daidai inda sunan yake.

Na zage shi. Tun da nake ban taɓa zagin babban mutum haka ba, da Hausa na fara na ƙare da yarenmu, C'lela. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Anti, ni tun ina yaro nake ji ana cewa labarin Landan ƙarya ne. Dawar nan kuma ita za mu ci shekara."

Na kashe wayar. Wa ya koya wa Tanko cewa babu abin daraja a akwatin? Mu ne, a kasuwa, a gidan burkutu, a ƙofar coci. Da sau ɗaya ya taɓa ganin wani ya zauna ya saurari tsohon nan da mutunci, da ko murfin bai ɗaga ba.

Sai na tuna ai ina da guda. Na ce to, ko ɗaya ne ya isa shaida. Na hau acaɓa na je gida na ɗauko shi, na wuce wurin Malam Umaru, tsohon ma'aikacin gidan rediyo da ya yi ritaya, wanda har yau yake da irin wannan rikoda a ɗakinsa. Ya goge kan da auduga, ya zura zaren, ya murɗa.

Aka yi 'yar ƙara. Sai tari. Sai muryar Baba, garau, kamar yana zaune kan tabarmar tare da mu.

"Bulus Zuru ke magana, ɗauka ta biyu. Tulu, Kande. Babbar ganga, Ladi. Ƙaramar ganga, Hannatu. Kacau-kacau, Asabe da Talatu. Mai ba da waƙa, Malama Rifkatu."

Sai tulun Mama Kande ya shigo.

Ba na Landan ba ne. Namu ne. Cikin talatin da bakwai ɗin nan ashe akwai guda ɗaya na zumuntar mata, kuma shi ya zaɓo ya ce in fara da shi.

Malam Umaru ya saurara har ƙarshe yana kaɗa kai. Ya ce, "Malama, wanda ya haɗa wannan ba ƙaramin gwani ba ne. Kun dai sa sunansa a kaset ɗin ko?"

Na ce i mana. Ban ko yi tunani ba.

Da na koma gida na zazzage kwandon tsofaffin kaset na nemo namu. Ga shi nan a gabana yanzu, kusa da kwamfutar. Bari in karanta muku bangon. Akwai fasto. Akwai matar fasto, wadda ta ce a goge. Akwai 'yan kwamiti su bakwai. Akwai mutumin da ya ara mana bas muka je ɗaukar hoto. Sunana ya fito har sau biyu, sama da ƙasa.

Babu Mama Kande. Babu Ladi, babu Hannatu. Babu Baba.

Ni na rubuta bangon nan. Da hannuna na kai wa mai buga takardu, na zauna na duba kuskure har sau biyu.

Shekara tara kaset ɗin yana jingine a rumfarsa, yana kallon bangon kullum. Bara ina zaune a gabansa ina tsine wa mutanen Landan don sun bar sunansa, yana ta dariya har da tari. Yau na gane abin da yake wa dariya. Bai taɓa ce mini uffan ba. Abin da ya yi kawai, ya naɗe faifan a jarida ya ce in fara da wannan, ni kuwa na ɗora shi kan durowa.

Tun safe nake neman wanda zan huce a kansa. Har yanzu ina jin haushin mai ɗakin can da rezarsa, ina jin haushin kamfanin da ya ga kare bai ga mutum ba, ina jin haushinku 'yan dariya. Amma ni ko reza ban buƙata ba.

To ga abin da nake roƙo, kuma don Allah a yi da gaggawa.

Ranar Asabar za a yi jana'iza. Ni gobe da sassafe zan kama hanya, Dabai zan fara sauka. Duk wanda ke da ɗan'uwa mai gona a wajen, a kira shi yau. In akwai zare mai faɗi, ruwan ƙasa, wanda ya fi na kaset ɗin da kuka sani kauri, kada a tsinka, kada a ƙone shi tare da kara. Musamman ƙullin da ke jikin sanda. Kada a sa masa wuƙa. A kwance shi da yatsa, a hankali, a naɗe a jikin kwalba. Malam Umaru ya ce rana da raɓa sun riga sun ci mafi yawan zaren, kada in sa rai da kiɗan. Amma ɗan abin da ke cikin ƙullin rana ba ta same shi ba, mai yiwuwa a samu kalma uku ko huɗu. Kalma huɗun nan nake nema.

Dawar Tanko ma ba za a bar wa tsuntsu ba. Duk mai tsofaffin kaset da suka lalace ya kai gidan Mama Saratu, mu musanya masa. Ni zan zo da kwandona gaba ɗaya. Tanko, in wani ya karanta maka wannan, ka yafe mini zagin da na yi maka.

Duk kuma wanda har yau yake da kaset ɗin zumuntarmu a gida, ya ɗauki biro ya rubuta a bangon: Haɗa sauti, Bulus Zuru. Tulu, Kande. Ni na rubuta a nawa yanzun nan, mai kafe yana kallona.

Ranar kasuwa mai zuwa zan kai lasifika rumfarsa in kunna abin da muka samu, ko da muryarsa ce kawai tana faɗin sunansa. Bencinsa zai kasance a wurin. Masu dariya, ku ma ku zo.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bulus, ka ba shi hutawa. Kai da ka san kowa da sunansa, ka kira shi da nasa. Ka ƙarfafa Mama Saratu, ka ta'azantar da gidan. Mu da muka yi masa dariya, da ni da na bar shi yana jira, ka gafarta mana. A cikin sunan Yesu, amin.

'Yan'uwa, Kirista da Musulmi, duk wanda Baba ya taɓa gyara wa rediyo, ku taya ni da addu'a, kowa yadda ya saba. In za ku ambace shi, ku ce Bulus. Kada in sake jin Baba Landan a bakin kowa.